Talakan da ke cikin fim ɗinmu ya fi mu sutura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, tare da roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da finafinanmu na Hausa. Ni tela ne, a Fagge nake ɗinki, kuma ina cikin masu son wannan masana'anta tun zamanin kaset. Sana'a takan sauya wa mutum ido. Idan jarumi ya fito, wasu fuskarsa suke kallo, ni kuwa wuyan rigarsa da kalmasar hannunta nake fara gani.

Bayan Sallah aiki yakan yi sauƙi a wurinmu, sai na samu sararin kallon wani fim mai dogon zango da ake saki a YouTube duk mako. Ba zan kama sunansa ba, domin abin da zan faɗa ba nasa ba ne shi kaɗai. Labarin ya kama ni. Wani maigadi ne da matarsa mai tuyar awara a ƙofar gida, da 'yarsu da ta gama sakandare, ga mai gidan haya ya matsa musu lamba. Dattijon da ya fito a uban ya iya aikinsa, muryarsa ma kaɗai ta isa ta sa ka tausaya masa. To amma a fitowar da yake gaya wa matarsa cewa yau ma ba za a ɗora tukunya ba, shadda ce a jikinsa mai maiƙo, karin guga a tsaye, har layin ninkin kanti bai gama baje wa ba. Hular kansa zanna ce sabuwa fil. Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ya san kuɗin wannan yadin zai biya musu hayar da ake kuka a kanta, har a samu na cefane. 'Yar kuwa kusan kowace fitowa da sabuwar atamfa, ɗinki ya zauna, ɗaurin ɗankwali irin na gidan biki, ga gashin ido na kanti, wai daga barci ta tashi za ta ɗebo ruwa. Daga nan tausayin ya fara zame mini. Bakinsu yana cewa babu, jikinsu yana cewa akwai, kuma ido ya fi kunne saurin gaskatawa.

Ranka ya daɗe, ni da nake zaune a kan keke na san yadda kayan mai ƙaramin ƙarfi suke, domin su ake kawo mini gyara. Wuyan riga ne yake fara cinyewa, daga baya bakin aljihu ya saki saboda yawan sa hannu. Launi yakan fara koɗewa a kafaɗa da gadon baya inda rana take duka, ƙasan rigar kuma yana nan da sauran haskensa. Wando yakan yi fari a gwiwa. Rigar Sallar bana ita ce ta Juma'ar baɗi, shekara ta zagayo ta koma ta zuwa kasuwa, daga ƙarshe uwar gida ta kawo mini ita ta ce in rage wa yaro. Mace tana iya ɗaura zane daban, riga daban, ta ɗora hijabin da ya sha wanki har ya yi laushi. Kuma duk da haka za ka gan su fes, an wanke, an goge da dutsen guga na gawayi, an feshe da ɗan turare. Talakan Bahaushe yana da mutunci a suturarsa, yana ɓoye babunsa iyakar ƙoƙarinsa, kuma wannan ɓoyewar ita ce abin da ya fi taɓa zuciya idan da za a nuna ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne idan masu fim suka tuna cewa mutumin nan talaka ne, sai su tsallaka ɗaya gefen. A wani fim ɗin da na kalla a satin nan, an ɗauko sabuwar riga an tsattsaga ta da almakashi, an shafa wa yaron baƙin tukunya a kumatu, wai almajiri ne. Yagewar almakashi a miƙe take, bakinta tsaf. Yagewar tsufa kuwa zare ne yake sakin jiki a hankali, gefen ya yi gashi-gashi. Yaro ɗan koyo a shagona zai bambance su daga nesa. Wannan cin fuska ne ga mutanen da ake cewa ana ba da labarinsu, kamar dai talauci da ƙazanta abu ɗaya ne.

A cikin hutun nan kuma na sake kallon Lagaan, fim ɗin Aamir Khan na 2001, wanda aka gina labarinsa a 1893 a wani ƙauyen Indiya da fari ya addaba, Turawan mulki kuma suka ƙi sassauta haraji. Wannan karon kayan mutanen ƙauyen na zauna ina kallo. Farin da ke jikinsu ya sha ƙura har ya koma ruwan ƙasa, rawunansu sun yi laushi, kayan matan launinsu ya kwanta kamar an daɗe ana wanke su a rafi. Da Turawan suka fito da kakinsu a goge, ba ka bukatar a gaya maka wa yake ci wa ake cinyewa. Matar da ta tsara suturar fim ɗin, Bhanu Athaiya, ita ce mutumin Indiya na farko da ya ci kyautar Oscar, a 1983, saboda kayan da ta tsara wa fim ɗin Gandhi. Wato a can aikin sutura sana'a ce mai zaman kanta, da mai ita, da lada, da suna. Mun kwashi rawa da waƙa daga Indiyawa tun ana kallonsu a gidajen sinima na Plaza da Orion da Marhaba, har aka yi ta yi mana gori a kai. Ina ma mun haɗa da wannan kulawar muka kwaso.

Kada a ce ba mu taɓa iyawa ba. Marigayi Usman Baba Pategi soja ne tun asali, shi ya sa kakin Samanja yake zama a jikinsa yadda ya kamata, daga bel har takalmi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, kafin ya buɗe baki shigarsa ta riga ta gaya maka ko ɗan ƙauye ne yau, ko mai gadi, ko ɗan acaɓa. Shirin Daɗin Kowa na Arewa24 ma abin da ya sa mutane suka rungume shi tun farko shi ne sun ga unguwarsu a ciki, da irin gidajensu da irin kayan da maƙwabtansu suke sawa.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne finafinan sarauta da na tarihi, domin a nan ne muke da dukiyar da ba kowa yake da ita ba. Na ga wani da aka ce labarin zamanin da ne, tun kafin zuwan Turawa, amma sarkin yana sanye da shadda da aikin kwamfuta a ƙirji, irin wanda ake buga wa angwaye a Kano yau. Fadawa kuma an yanka musu yadin kanti mai sheƙi. Haba jama'a! Ƙasar da ake saƙa da rini tun kafin a haifi kakannin kakanninmu? Marinar Ƙofar Mata tana nan, ana cewa tun 1498 take, har gobe ana tsoma zane a baba. Garin Kura yana nan, inda ake yin rawanin nan ɗan Kura mai baƙin sheƙi da Buzaye suke tsallako Sahara su saya. Masu bugu suna nan da sandunansu. A Zariya akwai masu ɗinkin hannu da za su zauna wata da watanni a kan riga ɗaya, su fitar maka da aska biyu ko aska takwas da allura kawai. Akwai saƙi, akwai tsamiya, akwai barage, akwai kore, akwai alkyabba da jabba da kufta, kowace da wanda ya dace ya sa ta da ranar da ake sa ta. Rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne a fada, amma a fim sai ka ga an naɗa wa duk wanda ya zo hannu. Dattawan da suka san waɗannan abubuwa suna raye, kuma da yawansu ko ladan shayi aka ba su za su zauna su yi bayani da murna.

Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, na gan shi a talabijin ina saurayi, kuma abin da ya zauna mini a rai shi ne mutanen ciki sun yi kama da mutanen zamanin da ake ba da labari. An gyara fim ɗin an nuna shi a bikin finafinai na Balin da ke Jamus a 2018, bayan shekara arba'in da biyu da yin sa. A 2024 kuma fim ɗin Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, shi Nijeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar. Duka biyun labaran gargajiyarmu ne. Idan za a fita da mu waje, da rigarmu ta gado ake fita da mu, don haka ya kamata a san ta da kyau.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba na raina shi. Tun da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, furodusa ya koma dogaro da abin da YouTube da 'yan talla za su ba shi, kuɗin kuma ba ya isa. Sau da yawa jarumi da kayansa yake zuwa wurin ɗaukar fim, kuma ba wanda zai ɗauko tsohuwar rigarsa ya sa a gaban kyamara alhali ya san gobe za a yanko hoton a yi ta yawo da shi a TikTok ana cewa ya tsiyace. Wani lokacin kuma mai kanti ne yake ba da kayan kyauta don a rubuta sunan shagonsa a ƙasan allo, shi kuwa sabon kaya yake so a gani. Duk na yarda. Amma tsohon kaya ai ya fi sabo araha. Da kuɗin shadda ɗaya za a shiga Ƙofar Wambai a cika buhu da gwanjo, a zagaya unguwa a sayi tsofaffin atamfofi a hannun mata, a tufatar da gidan maigadin nan gaba ɗaya har da maƙwabta. Abin da ya ɓace shi ne mutum ɗaya da aka ɗora wa wannan nauyi, wanda zai karanta labarin tun daga farko, ya san wane ne mai kuɗi wane ne ba shi da shi, ya san cewa rigar da yarinya ta sa da safe ita za ta sa da yamma, kuma yana da ikon ce wa babbar jaruma ta cire gashin idon nan.

Akwai kuma abin da nake gani a shago wanda ya sa na kasa yin shiru. Yarinya za ta zo da waya ta nuna mini hoton da ta yanko daga fim ta ce irin wannan take so. Na san mahaifinta, na san abin da yake samu. Idan na gaya mata kuɗin yadin da na aikin, sai jikinta ya yi sanyi, wata har ta ce ai wadda ta sa a fim ɗin ma 'yar talakawa ce. A wurinta gaskiya ta faɗa, haka aka nuna mata. Daga nan ake fara raina abin da uba ya iya saya, daga nan lefe yake ƙara nauyi a kan samari, ana cin bashi don a yi fitar biki kala biyar. Ba na ɗora wa fim laifin wannan duka, amma yana da kasonsa, domin a gidaje da yawa shi ne baƙon da yake shigowa kullum ba ya sallama.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, tun da aka kafa ta a 2001, tana sa ido a kan sutura ta fuskar rufe jiki, kuma wannan hurumin ta ne. Ko suturar ta dace da labarin, wannan aikin darakta ne da furodusa, ba wanda zai yi musu shi da doka. Roƙona gare su shi ne su ɗauki mai kula da sutura da muhimmancin da suke ba mai ɗaukar hoto, su biya shi, su rubuta sunansa inda za a gani. Masu fim ɗin tarihi su leƙa Gidan Makama a nan Kano da Gidan Arewa a Kaduna su ga tsofaffin hotuna da kayan da aka adana kafin su yanka yadi. Masu shirya bukukuwan karramawa su ware kyauta ta musamman ga wanda ya fi iya tsara sutura, domin abin da ake yabawa shi ake gasa a kai. Ali Nuhu, wanda aka ba shugabancin Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2024, ɗan gida ne da ya san wannan matsala ciki da waje, kuma makarantar koyon fim da ke ƙarƙashin hukumarsa a Jos za ta iya shirya wa matasanmu gajeren horo a kan wannan fanni.

Mu ma teloli a shirye muke. A layinmu kaɗai akwai dattawan da suka ɗinka wa mutane kaya tun ana yayin wando buje da 'yar shara, sun san abin da malamin makaranta yake sawa a 1975 da abin da ɗan kasuwa yake sawa a 1990. Duk daraktan da yake son a duba masa kayan fim ɗinsa kafin a kunna kyamara, ya shigo Fagge ya tambaya, za a nuna masa su.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani tela mai karanta jaridarku,
Fagge, Kano.