Zuwa Ga Aminina, Kan Ciwon Kunnen Nan

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara duka. Saƙonka ya same ni, kuma raina bai ji daɗin jin cewa kunnen ya hana ka barci ba. Allah ya ba ka lafiya.

Yadda ka kwatanta shi, ƙaiƙayi da farko, sai zafi idan ka ja kunnen ko ka kwanta a kansa, ya yi kama da kumburin ramin kunne na waje, wato hanyar nan da ta tashi daga bakin kunne zuwa dodon kunne. Tsawonta kusan santimita 2.5 ne, fatarta kuma siririya ce ƙwarai. Ruwa ya zauna a ciki, ko mutum ya yi ta susa da tsinken auduga, sai fatar ta ƙuje, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa.

Maganin ɗigawa mai sitiroyid da ka ce an ambata maka, irin su haidirokotizon ko dekzametazon, aikinsa ya sauke kumburi ya kwantar da ƙaiƙayi. Ba ya kashe ƙwayar cuta. Shi ya sa likitoci kan ba da wanda aka haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin, kamar sifurofulokzasin. Don Allah, kafin ɗigo ɗaya ya shiga kunnenka, bari likita ya leƙa da fitilarsa ya ga dodon kunnen. In ya huje, akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su niyomaisin da jentamaisin da za su iya taɓa jinka. Wannan ne ya fi damuna.

In an ba ka, ka riƙe kwalbar a tafin hannu ta ɗan yi ɗumi, don mai sanyi yana sa jiri. Ka kwanta a gefe, wani ya ɗiga maka, ka ɗan danna guringuntsin da ke bakin kunnen sau da yawa har ka ji maganin ya gangara, ka zauna haka minti 3 zuwa 5. Idan kumburin ya toshe hanyar, sukan sa wani ɗan lagwani da zai ja maganin ciki.

Yawanci ana jin sauƙi cikin kwana 2 zuwa 3, amma ka cika kwana 7 ɗin, ko abin da likita ya ce. Kada kuma ka wuce, domin daɗewa ana ɗigawa kan jawo funfuna a ramin. Wajen wanka ka toshe da auduga mai Vaseline, kuma hannunka ya bar kunnen nan, na san ka da susa.

Abu ɗaya: in an taɓa ce maka kana da ciwon suga, ko zazzaɓi ya shigo, ko zafin ya ƙi sauka bayan kwana 3, ka koma asibiti ranar, domin cutar kan iya kai wa ƙashi.

Ka sanar da ni abin da likita ya ce. A gaida mutanen gida.

Naka amini.