Wace mota za ta ja ɗakin nan naka mai taya?

Garwa, 14 ga Oktoba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi sallama, Binuwai ya fara ja da baya, gero ya nuna. Inna ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko sanyin Beljiyam ne ya daskarar maka da hannu, shi ya sa ba ka kiranta. Na isar da saƙo, sauran tsakaninku.

Hotunan tirelar sun iso. Na nuna wa mutanen gareji, aka taru a kan wayata kamar ana kallon ƙwallo. Ɗaki a naɗe a kan taya biyu, a buɗe shi ya zama tanti da gado har da wurin ɗora tukunya! Wani tsohon direba ya ce remok ce, wato tirelar kaya, kawai aka yi wa kwalliya, kuma bai yi ƙarya ba. Ni dai abin ya burge ni, don na san tun muna yara kake da ƙulafucin kwana a daji.

To, ka ce in zaɓar maka tsakanin biyu: ko ka sa Corollar uwargida a jirgin ruwa tare da tirelar zuwa Duwala, ko ka rufe ido ka sayi babbar Land Cruiser V8 a nan. Ni ban zaɓi ko ɗaya ba, kuma ka yi haƙuri ka karanta dalilina har ƙarshe kafin ka kira ni ka fara musu.

Mu fara da tirelar, domin ita ce za ta zaɓi motar, ba kai ba. Ka ce mai sauƙi ce, kilo 480. Wannan nauyinta ne tana fanko, yadda ta fito daga masana'anta, ko cokali babu a ciki. Takardar da ka ɗauko mini hotonta ta ce iyakarta da kaya kilo 750, kuma ba ta da birkin kanta. Yanzu zauna mu yi lissafi. Jarka 4 ta ruwa, kowace lita 20, kilo 80 ke nan, don litar ruwa kilo ɗaya ce cif. Tukunyar gas mai kilo 12.5 idan ka haɗa da ƙarfenta ta kai 25. Batirin da zai riƙe maka firji da fitila, wajen 25 shi ma. Firjin kansa, safayar taya, jak, buhun shinkafa, tabarmi, tukwane, butoci, gawayi, da akwatunan uwargida waɗanda ni da kai mun san ba za a rage ko ɗaya ba. Kafin ka ce kwabo ka haura 700. Saboda haka ka manta da 480, lambarka 750 ce.

Da wannan lamba a hannu, ka je ka buɗe ƙofar Corollar, ko ka ɗaga bonet, za ka ga ɗan allo na ƙarfe ko takarda a manne. Motocin Turai suna da lambobi huɗu a jere a kansa. Ta farko iyakar nauyin motar da mutane da kaya. Ta biyu iyakar mota da tirela a haɗe. Biyun ƙarshe na gatarin tayoyin gaba da na baya ne. Idan ka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne kusan abin da motar za ta iya ja. Amma a nan mutane suke faɗawa rami, domin wannan lissafi na tirela mai birki ne. Marar birki tana da nata adadin dabam a littafin mota, kuma ga yawancin Corolla na Turai bai wuce kilo 450 ba. Ka ga ke nan ko fanko tirelarka ta riga ta wuce. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Na san abin da za ka ce: ai a nan Corolla tana ɗaukar mutum bakwai da buhuna da akuya a but, ta je Gidar ta dawo. Haka ne. Ja ba shi ne matsala ba, ko jaki zai ja tirelar nan a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Tsayawa ita ce magana. Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba, don kunya.

Shekarun baya, lokacin da nake tuƙa ma'aikata, na ɗauko janareto a remok marar birki daga Ngaundare zan kawo Garwa. Ka san gangaren nan na falez kafin a kai Mbe, inda hanya take nannaɗewa kamar maciji. Ngaundare tana sama da mita 1,000, Garwa kuwa ba ta fi 250 ba, kuma babban rabon saukar a wurin nan yake. Na bar mota a giya ta huɗu, ƙafata a kan birki tun daga sama. A kwana ta nawa ban sani ba, sai na ji wari kamar ana ƙona roba, na taka birki ya tafi ƙasa luf kamar na taka tuwo. Remok ɗin nan tana turo ni ta baya kamar sa ya ga jan ƙyalle. Allah ne ya sa babu babbar mota a gabana, na yi ta sauke giya da kyar har na samu na raɓa gefe. Na fi awa ɗaya a zaune a bakin hanya, gwiwata tana rawa. Laifina ne, ba na mota ba. Tun ranar nan, giyar da zan hau dutse da ita, da ita nake sauka, in bar inji ya riƙe mota.

Don haka abu na farko da nake roƙonka, tun ba ka biya kuɗin jirgi ba, ka koma wurin mai sayarwa ka tambayi irinta mai birki. Birkin nan na wuyan tirela ne: mota ta rage gudu, tirela ta turo gaba, turowar ce take matse birkin tayoyinta. Babu lantarki, babu kwamfuta, kowane bakanike a nan zai gane kansa. Ka dai bar iyakar nauyin a 750, domin da zarar ta wuce haka lasisin tuƙi, fermi B, bai isa ba, sai E, kuma ka san jandarmomin hanya ba sa rasa abin tambaya.

Sai maganar V8. Ba na musun ƙarfinta, za ta ja tirelarka ba ta ma san tana ja ba. Amma mota ce da aka yi don jan tan 3 da rabi, kai kuma kana da kashi ɗaya bisa huɗu na wannan ko ƙasa. Wata biyu za ka yi a gida, sauran wata goma tana kwance a ƙarƙashin rumfa, ɓeraye suna cin wayoyinta. Ga shan mai, ga tsadar taya, kuma idan wani abu na lantarki ya ɗauke a cikinta kana Poli ko Colire, sai dai a nemo mai kwamfuta daga Garwa. Sannan, mu faɗa wa juna gaskiya, mota ce mai kiran ido. Mutumin da zai kwana a daji da iyalinsa ba ya bukatar kowa ya ɗauka minista ne ya sauka.

Abin da ni zan saya, da kuɗin a aljihuna suke, Hilux ce mai ƙofa huɗu, kat-kat, wato mai ja da taya huɗu, mai shan gazuwal (dizal), mai giyar hannu, daga cikin waɗanda aka ƙera tsakanin 2005 da 2015. Tana jan sama da tan 2 idan tirela mai birki ce, marar birki kuma 750, daidai da taka. Nauyin jikinta ya ninka na tirelarka fiye da sau biyu, wato ita za ta riƙa juya tirela, ba tirela ta juya ta ba. A Ingila masu irin wannan yawo suna ba sabon shiga shawara kada tirela ta wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar tana fanko, kai kuwa ba ka ko kai rabi ba. Tana da shasi na gaske, ƙarfe biyu daga gaba har baya, inda za a ɗaure ƙugiyar ja da kusoshi. Kuma daga Kusuri har Maiganga babu garin da za ka rasa kayan gyaranta ko wanda ya san cikinta.

Amma ka saye ta a nan, ko ka nemi wadda aka yi don Afirka. Kada ka ɗauko sabuwar dizal ta Turai. Waɗannan na yanzu suna da matatar hayaƙi a salansa da tankin AdBlue, ruwan rage gubar hayaƙi, an yi su ne don gazuwal mai tsabta ƙwarai. Namu yana da sulfa da yawa, balle a ce ka ƙare a kan na kwalba a bakin hanya. Matatar ta toshe, fitila ta kama, mota ta ƙi gudu. Tsohon injin nan 5L mai lita 3, marar turbo, ba shi da hanzari, a falez sai ka yi haƙuri da shi don duk injin da ba turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Amma ba ya tsirfa. Injin D-4D mai lita 2.5 ya fi shi kuzari, sai dai yana son a riƙa canza masa matatar mai a kan kari.

Idan uwargida ta ce Hilux tana jijjiga mata baya, kuma tana da gaskiya, to RAV4 za ta iya, muddin ba za ku bar kwalta da burji mai kyau ba. A nan ma akwai tarko. Ta Turai mai fetur ana rubuta mata 1,500, ta Amurka mai silinda huɗu ita ma 1,500. Ta farkon kilo ne, ta biyun fam ne na awon Amurka, wato kilo 680 kacal. Dillali ba zai faɗa maka ba, watakila shi ma bai sani ba. In kuma otomatik ce, a ƙara mata ɗan lagireton sanyaya man giya. Ka tuna zafin Garwa a Maris da Afrilu, sama da digiri 40, ga kaya a baya. Man giya ne yake fara dahuwa kafin ruwan inji ya nuna komai.

Ƙugiyar ja kuwa, don Allah ka sayo ta can, wadda aka yi wa motar takanas, da soket ɗinta na fitilu. Na ga wani mai walda a nan ya liƙa wa mutum ƙwallo a jikin bamba, gargada ta farko remok ta tafi da bambar gaba ɗaya. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai mai inci 2, wanda ya ɗara shi kaɗan, da mai inci 1 da 7/8 wanda bai kai shi ba. A ido duk ɗaya suke, amma ƙaramin zai bar bakin tirela ya yi tsalle ya fita a rami. Ka taho da naka, da waya ko sarƙar tsaro.

Wani abu da ban ga kana tunaninsa ba shi ne tayoyin tirelar. Na ga ƙanana ne, inci 13, na titin Turai. A burjin da ke shiga gandun dajin Binuwai za su sha wuya, kuma a yashin mayo, wato busasshen rafi, idan faɗin tirela bai yi daidai da na mota ba, sai ta riƙa sara tata sabuwar hanya maimakon ta bi sawun mota, nauyin ya zama kamar biyu. In da hali a sa mata manya masu kusoshi 6 irin na Hilux, safaya ɗaya ta yi wa duka. In babu hali, ka taho da safaya biyu da boris na ajiya da giris. Wajen lodi, kaya masu nauyi a ƙasa, a kan gatari ko ɗan gaba da shi. Bakin tirela ya danna ƙwallo da kamar kilo 50, za mu auna da sikelin masu hatsi. Idan ka tara jarkoki a baya, wutsiya za ta fara kaɗawa da ka kai gudun kilomita 80 a awa. In hakan ta faru, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari sak, kada ka daka birki.

Game da inda za mu, Disamba da Janairu su ne lokacin, hanya ta bushe, dare da sanyi, sai dai ƙurar hunturu da za ta sa mu riƙa kakkaɓe matatar iska kullum. Ina ganin mu fara da Lagdo, kwana biyu a bakin tafki, kusa da gida, ko da mun manta wani abu a dawo a ɗauka. Can za ka koyi ja da baya da tirela ba tare da 'yan unguwa suna yi maka dariya ba. Daga nan gandun dajin Binuwai, sai mu hau Ngaundare yara su ga tafkin Tizon. Waza da ka ambata, a bar ta tukuna. Tun da aka sace iyalin nan Faransawa kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 ba na kai baƙo yankin nan ya kwana a fili, ko da kai ɗan gida ne.

Akwai Hilux biyu da na sa wa ido. Ɗaya fara ce, ta wata ƙungiya da ta gama aiki, kilomitarta da yawa amma ana kula da ita. Ɗayar ta fi kyan fenti, shi ya sa ma na fi zarginta. Ranar Asabar zan kai su ramin duba mota na gareji ni da bakanikena mu duba shasi, ko an taɓa yi masa walda, mu gwada kat-kat ɗin da kuloci a kan tudu. Kai kuma ka aiko mini da hoton allon nan na jikin tirelar, da amsar mai sayarwa a kan birki, kafin ranar.

Ka gaida uwargida da yara. Ka ce wa autanka kifin Lagdo yana jiransa. Ka kuma kira Inna.

Naka har kullum,
amininka na Garwa