Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya sauya mini wurin banɗaki

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, na kawo maganar nan bainar jama'a ne saboda kiran waya ya ƙi ci. Kullum amsa ɗaya ce, wai injiniya na nan tafe, kuma har yau ko ƙeyarsa ban gani ba.

Aikin da na ba ku a fili yake: a ɗauke banɗaki daga bangon da ke kusa da sokawe a mayar da shi gefen ɗakin kwana. Duk mai aikin famfo ya san kawo ruwa mai tsafta ba shi ne wahala ba, tunda ƙarfinsa ke tura shi, ko sama aka nufa da shi zai hau. Ruwan ƙazanta kuwa ba shi da mai tura shi sai gangara. Shi ya sa daga bakin cemba, wato ɗan ramin da bututun ƙazanta ke zuba a ciki kafin sokawe, ake fara awo, a ga zurfinta, a auna tazara, sannan a san ko sabon wurin zai karɓi masai ko sai an ɗaga daɓe. Yaranku ta wutsiya suka kamo aikin. Suka kafa masai inda ya yi musu kyau a ido, suka manna tayil, daga baya suka shiga laluben inda bututu zai bi.

Ga lissafin da ya kamata a yi tun kafin a ɗaga guduma. Bututun masai mai faɗin inci 4, wato milimita 110, an saba ba shi gangarar 1 cikin 40, ma'ana ya sauka santimita 2.5 a kowace mita. Daga sabon banɗakin zuwa cemba mita 8 ne, ke nan ana buƙatar saukar santimita 20. Da wani mai aikin famfo ya tone mini ɓangaren da ke waje ya ɗora lebur, wato ma'aunin gangara mai kumfa, sai ga kumfar ta tsaya kusan a tsakiya, a wani wurin ma bututun ya lotsa saboda a kan ɓaraguzan bulo aka kwantar da shi, ba a shimfiɗa masa yashi ba. A nan ruwa ke kwana, ƙazanta ta taru.

Gwiwa biyu masu kaifi, na digiri 90, kuka saka a ƙarƙashin siminti, alhali haɗa gwiwa biyu na digiri 45 ya fi ba ruwa hanya. Kuma ba ku bar ko ƙofa ɗaya ta zura sandar share bututu ba. Idan ya toshe, sai dai a fasa daɓe. Wa ke tsara aiki haka?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bututun iska. Tsohon banɗakin yana da nasa, wanda ya haura saman rufi. Kun yanke shi, ba ku yi wa sabon banɗakin wani ba. Yanzu da an kora masai sai ka ji magudanar shawa tana ƙugi, domin ruwan da ke gangarawa yana zuƙe ɗan ruwan da ke kwance a lanƙwasar da ke ƙasanta. Ruwan nan, ɗan santimita 5 zuwa 7 ne kawai, shi ne ke tare iskar sokawe. Da ya tafi, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ke shigowa har ɗakin kwana. Shugaban ma'aikatanku ya ce mini wai sabon bututu ne, zai daina. Roba ba ta irin wannan wari, shi ma ya sani.

Daɓen shawar ma wajen ƙofa ya karkata, amma wannan ƙaramin abu ne.

Ban ga an yi gwaji ba kafin a rufe. A toshe ƙarshen bututu a cika shi da ruwa a duba mahaɗa, aikin ɗan lokaci ne, amma aka yi gaggawar zuba siminti a kai.

Abin da nake nema: ku turo wanda ya san aiki ya auna daga cemba, ya ba ni zanen hanyar bututu da gangararsa a rubuce. A tone, a sake shimfiɗawa, a maido da bututun iska, a yi cemba ko ƙofar shara a kowace kwana, a gwada a gabana kafin a rufe. Tayil ɗin da za a fasa da ladan aikin duk a wuyanku suke. Ragowar kuɗinku na nan, ba zan sake su ba sai an yi wannan. Idan kuma shirun ya ci gaba, ina da hotuna da takardar yarjejeniyarmu, zan miƙa su ga hukumar kare haƙƙin masu saye.

Wassalam,
Mai gidan da kuka yi wa aikin.