Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakunan Koyon Sana'a na Kwalejin Fasaha ta Garinmu

Assalamu alaikum. Wannan rahoto ne na kwamitin da taron haɗin gwiwa na iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai ya ɗora wa nauyin sa ido a kan gyaran ɗakunan koyon sana'a guda uku na kwalejinmu, wato na kafinta, da na walda da ƙere-ƙeren ƙarfe, da kuma na haɗa wutar lantarki. Cikin ikon Allah aikin ya kammala, injiniyan gwamnati ya duba ya sa hannu, kuma an damƙa makullai a hannun shugaban kwaleji a gaban shaidu. Lissafin kuɗi dalla-dalla tare da kwafin rasit-rasit yana ofishin sakataren kwamiti ga duk mai son dubawa, saboda haka a nan za mu tsaya ne a kan yadda aikin ya gudana da abin da ya rage.

Halin da muka tarar da ɗakunan ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa shiga cikinsu da damina. Kwanon rufi ya yi tsatsa ya huhhuje, gara ta cinye mafi yawan katakon da ke ɗauke da shi, daɓen ƙasa ya farfashe har ba a iya kafa inji a kansa ya zauna daidai, wayoyin wuta kuwa sun tsufa, wasu a tsirara suke. A kusurwar ɗakin kafinta mun iske injuna biyu da dattawan malamai suka shaida mana cewa tun zamanin tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) aka kawo su, wanda aka soma aiwatarwa a 1982, lokacin da gwamnati ta shigo da kayan koyar da fasaha daga ƙasashen waje ta rarraba wa makarantu. Sanannen abu ne cewa da yawa daga cikin kayan nan sun shekara da shekaru cikin akwatuna saboda an kai su inda babu ɗakin da za a kafa su ko wutar da za ta tayar da su. Mun ambaci wannan ne domin shi ya zame mana ma'auni a duk shawarar da muka yanke daga baya.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce, me ya sa aka ɗauki shekaru kafin a samu kuɗin gyara, alhali ana ganin sababbin azuzuwa suna tashi a makarantun firamare, ana kuma ganin manyan gine-gine a kwalejojin kimiyya da fasaha na gaba da sakandare. Amsar tana cikin yadda doka ta raba hanyoyin kuɗin ilimi. Hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta kafa, hurumin tallafinta shi ne ilimin matakin farko, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Asusun TETFund kuma, tun da dokar 2011 ta maye gurbin tsohon asusun harajin ilimi na 1993, an taƙaita shi ga jami'o'i da kwalejojin ilimi da manyan makarantun fasaha na gwamnati. Kwaleji irin tamu, wadda ke matakin babbar sakandare, ta faɗa tsakani: ta wuce na farko, ba ta kai na biyu ba. Abin da ya rage mata shi ne kasafin kuɗin jiha, inda take gogayya da sauran makarantun sakandare duka, duk da cewa ɗakin walda guda ɗaya yana cin abin da azuzuwan allo da alli da dama ba za su ci ba. Daga kasafin jihar ne kaso mafi girma na kuɗin wannan aiki ya fito, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta cika da gudummawarta, iyaye kuma suka ɗauki nauyin yashi da ruwa.

Kuɗin gwamnati ba ya zuwa sai da sharuɗɗa, kuma mun bi su. An tallata aikin, 'yan kwangila suka gabatar da farashinsu a rufe, aka buɗe a bainar jama'a, bisa tsarin da dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya ta 2007 ta shimfiɗa, wanda jihohi suka yi nasu dokokin a kan irinsa. An raba biyan kuɗi kashi uku, kuma ba a sakin wani kashi sai injiniya ya zo ya auna abin da aka yi ya rubuta takardar shaida, sannan a cire harajin da doka ta wajabta, ciki har da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Gaskiya ne wannan tsari ya jawo jinkiri, domin akwai lokacin da ma'aikata suka zauna makonni suna jiran takarda ta zagaya teburori. Amma wajibi ne mu yi adalci mu faɗi cewa shi ne ya ba mu ƙarfin mayar da lodin katakon da ɗan kwangila ya kawo ɗanye, ba a kuma shafa masa maganin gara ba. Da a ce an biya shi kuɗinsa gaba ɗaya tun farko, da sai dai roƙo.

Babbar jarrabawar da aikin ya fuskanta ita ce ta farashi. An yi ƙididdigar kayan aiki ne kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kafin kuma a saki darajar naira ga kasuwa a watan Yunin wannan shekara. Kafin kashi na biyu ya fito, kuɗin dakon kaya ya tashi, rodi da kwano da wayar wuta sun yi tsada, buhun siminti kuwa ya haura naira 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024. Ɗan kwangila ya nemi ƙari, ba a amince da duk abin da ya nema ba, sai ya zama dole a rage wani abu daga cikin aikin. A nan ra'ayin 'yan kwamiti ya rabu, wasu suna ganin a kammala fenti da katangar gaba domin aikin ya yi kyan gani ranar buɗewa, wasu suna ganin a bar waɗannan a zuba kuɗin a aikin wutar lantarki. Bayan muhawara mai tsawo aka tsaya a kan na biyu, kuma wannan ne dalilin da ya sa mai wucewa zai ga bayan ginin da filasta kawai babu fenti.

Abin da aka yi a taƙaice shi ne: an sauke rufin ɗakunan uku gaba ɗaya, an maye katakon ɗakin walda da ƙarfe saboda tartsatsi, an zuba sabon daɓe mai kauri tare da gindin kankare ga kowane inji, an faɗaɗa tagogi domin hayaƙi da ƙurar katako su samu mafita, an kuma haƙa magudanar ruwa a bayan gini. Wutar ce ta fi ɗaukar hankalinmu, domin injin fere ƙarfe da babban injin zarto ba sa tashi sai da wuta mai layi uku, kwalejin kuwa layi ɗaya take da shi tun fil azal. An janyo layi ukun daga taransfoma, an kafa sabon allon rarraba wuta, an binne sandar da ke kai wuta ƙasa domin kariya. Ɗaliban ajin ƙarshe na sashen lantarki ne suka ja wayoyin cikin ɗakinsu ƙarƙashin kulawar malaminsu, ɗaliban kafinta kuma suka harhaɗa teburan aiki, injiniya ya duba bai samu abin gyarawa ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin injunan nan biyu ya tashi bayan an sake naɗa masa waya. Ɗayan ya wuce gyara.

Akwai abin da kwamiti ya lura da shi wajen cike takardun rahoto, wanda yake ganin ya kamata taro ya sani. Kowace takarda tana tambayar kashi nawa cikin ɗari na gini aka kammala, tana neman hotuna da rasit, amma babu gurbi ko ɗaya da ke tambayar da me za a koyar idan an buɗe ƙofa. Sandar walda ƙarewa take yi, haka katako da ƙusa da gam da waya da man inji, kuma ɗalibi ba ya iya walda sai ya ƙona sanduna masu yawa yana ɓatawa. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977 domin tsara manhaja da tantance darussan fasaha, idan jami'anta suka zo, ɗakin aiki mai aiki suke son gani, da kayan hannu da suka wadaci ɗalibai, da malaman da suka ƙware. Jarrabawar hukumar NABTEB, wadda ita ce ke ba ɗalibanmu shaidar kammala koyon sana'a ta NTC, tana da ɓangaren aikin hannu wanda ba a cin sa da hadda. Kuɗin da muka samu na gini ne, doka ba ta yarda a karkatar da shi zuwa sayen kayan koyarwa na yau da kullum ba, kuma ba mu karkatar ba. Sakamakon haka, abin da ke cikin sito a yau gudummawar tsofaffin ɗalibai ce kawai, wadda malamai suka ƙiyasta ba za ta wuce zango ɗaya ba.

Saboda wannan, kwamiti ya rubuta wa hukumar da ke kula da kwalejin yana roƙon a ware wa sassan uku kuɗin kayan aiki na kowane zango a gurbi na daban cikin kasafi, tare da kuɗin wuta da na duba injuna, ya kuma yi alƙawarin cewa za a riƙa aika rahoton abin da aka saya da adadin ɗaliban da suka yi aiki da shi. An buɗe rajistar kaya a kowane ɗaki, an buga wa kowane inji lamba, malamin sashe da mai kula da sito za su riƙa sa hannu a ƙarshen wata.

Kashi 5 cikin ɗari na kuɗin kwangila yana nan a riƙe har tsawon wata shida daga ranar miƙa makullai, kamar yadda yarjejeniya ta tanada, domin gyara duk aibin da ya bayyana. Tun da a rani aka yi rufin, ruwan sama bai gwada shi ba tukuna, don haka kwamiti yana neman izinin taro ya ci gaba da zama har damina ta yi nisa, ya sake hawa ya duba mahaɗar kwano da magudanar baya tare da injiniya, kafin ya sa hannu a saki ragowar kuɗin.