Wasiƙa zuwa Kano, kan Belmondo

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya Kano, ya kasuwa? Mu nan Maraɗi sai godiya, zafi ne kawai ya sa mu gaba.

Saƙonka ya iso, na kuma ga kukan da kake yi da babban yaron nan naka, wai ya kafe shi fim zai shiga, yana cewa sana'ar ba ta buƙatar koyo, fuska ce kawai da farin jini. Kada ka yi masa faɗa. Ka zaunar da shi ka karanta masa labarin mutumin nan da muke harhaɗa kuɗi mu shiga silima dominsa muna samari, Jean-Paul Belmondo, ɗan wasan fim na Faransa, wanda Faransawa ke kira Bébel.

Mu dai abin da muka san shi da shi naushi ne da tsalle. Ka tuna fim ɗin Peur sur la ville na 1975, inda yake tsaye a kan rufin jirgin ƙasan birnin Paris yana gudu da shi a bisa gada, daga baya kuma ya sauko daga jirgi mai saukar ungulu a jikin igiya? Shi ne da kansa, ba wani aka sa masa kayansa ba. Haka ya dinga wasa da ransa har 1985, lokacin da ya ji mummunan rauni wajen ɗaukar fim ɗin Hold-up, sannan ya sassauta. To amma ba daga nan ya fara ba, kuma wannan ne yaronka bai sani ba.

An haife shi a 1933 a Neuilly-sur-Seine, gab da Paris. Mahaifinsa, Paul Belmondo, masassaƙi ne mai suna, haifaffen birnin Aljiyas. Yaron bai ɗauki boko da zafi ba, dambe da ƙwallo ne suka ɗauke masa hankali, ga hancin nan nasa a karye tun yana saurayi. Da ya ce wasan kwaikwayo zai yi, sai ya nufi Conservatoire, babbar makarantar 'yan wasa ta Paris. Ba su karɓe shi da farko ba, sai da ya sake komawa, ya samu shiga a 1952. Shekara huɗu yana haddar tsofaffin wasannin Faransa, yana koyon yadda ake jefa murya ta kai kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba, tare da su Jean Rochefort da Jean-Pierre Marielle, waɗanda su ma suka yi suna a fim. Ranar jarrabawar fita a 1956 alƙalai suka hana shi babbar kyauta. 'Yan ajinsu suka ɗaga shi a kafaɗa don nuna ba su yarda ba, shi kuwa daga can sama ya yi wa alƙalan daƙuwa irin tasu ta can. Wannan ɓangaren kada ka karanta wa yaron, ya riga ya iya.

A 1959 ya fito a talabijin a matsayin d'Artagnan, jarumin takobi na wani shahararren littafin Faransa. Shekara ta zagayo sai ga À bout de souffle na Jean-Luc Godard, fim ɗin da ya canja masa rayuwa, ya kuma canja yadda ake yin fim a Faransa. Ya fito a ɗan iskan da ya saci mota a Marseille, ya harbe ɗan sanda a hanya, ya shiga Paris yana bin wata Ba'amurkiya. Dubi yadda yake tafiya da taba a gefen baki, hula ta rufe ido, jifa-jifa yana shafa leɓe da babban yatsa. Kai ka ce daga titi aka tsinto shi aka ɗora masa kyamara. Ni a ganina nan gwanintar take: sai wanda ya sha horo ne yake iya ɓoye horon har haka. Ga shaida, a 1961 shi ɗin dai ya sa rigar limamin coci a fim ɗin Léon Morin, prêtre, natsattse, ba naushi ba gudu, kuma mutane suka yarda da shi.

Daga baya ya karkata ga finafinan da talaka ke so. A 1974 ya zuba kuɗinsa a fim ɗin Stavisky na Alain Resnais, aka kai shi bikin finafinai na Cannes, masu sharhi suka yi masa tarbar da ba ta yi masa daɗi ba. Tun daga nan ya fi ba da ƙarfi ga na faɗa da barkwanci, masu sharhi na tsaki, jama'a na cika layi.

Bari in ɗan tsaya a kan Le Professionnel na 1981, don shi muka fi so, kuma shi ne yanzu yake ɗan sosa mini rai. Ya fito a jami'in leƙen asirin Faransa da aka tura ya kashe shugaban wata ƙasar Afirka da aka ƙirƙira, Malagawi. Kafin ya aiwatar siyasa ta juya, shugaban ya zama aboki, sai iyayen gidan jami'in suka sayar da shi, ya sha ɗauri da aikin wahala, ya tsere ya dawo Paris don ya ƙarasa aikin. Muna yara tafi muke yi. Yau idan na kalla, ina ganin yadda aka mai da baƙar fata ko dai azzalumi ko abin tausayi, ba na uku. Duk da haka fim ɗin ya faɗi wata gaskiya da mu 'yan Nijar ba sai an fassara mana ba: wanda Paris ke kira maƙiyi da safe yana iya zama babban baƙo da yamma, idan ciniki ya faɗa. Sama da mutum miliyan 5 suka kalle shi a Faransa, kuma kiɗan nan na Ennio Morricone har gobe yana kunnena.

Wanda ya fito a mugun kwamishinan 'yan sanda a fim ɗin, Robert Hossein, shi ne ya mai da Belmondo kan dandamali a 1987, a wasan Kean, bayan ya yi fiye da shekara 25 rabonsa da shi. Ka auna: mutum ya haura hamsin, yana da kuɗi, yana da suna, ba abin da zai ƙara, amma ya zaɓi ya tsaya gaban jama'a kowane dare, inda ba a cewa a yanke a sake. A 1990 ya yi wasan Cyrano, ya zaga da shi har Japan, a 1991 kuma ya sayi gidan wasan Théâtre des Variétés sukutum. Tsakanin nan, a 1989, aka ba shi César, babbar kyautar fim ta Faransa, ta gwarzon ɗan wasa, ya ƙi zuwa karɓa.

A 2001 shanyewar ɓarin jiki ta same shi a tsibirin Corsica, magana ta ɗauke. Mutumin da murya ce jarinsa ya koma koyon furta kalma ɗaya-ɗaya, har ya samu ya sake yin fim guda, wanda ya fito a 2009. Ya mutu ranar 6 ga Satumba 2021 yana da shekara 88, gwamnati ta yi masa bikin ban girma a Invalides, ginin tarihi na sojoji a Paris, aka fita da akwatinsa ana busa wancan kiɗa na Morricone.

Shawarata, idan da gaske yaron yake, ka ce ya fara shiga wata ƙungiyar wasan daɓe ko ta rediyo, ya yi shekara guda yana haddar magana yana tsayuwa gaban mutane. In ya jure, ka sa masa albarka. Zan tura maka finafinai uku a katin waya ta hannun direban da ya saba kawo maka saƙo, ka sa ya fara da na limamin, ba na helikwafta ba.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda. A shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
amininka na Maraɗi