Wasiƙa daga Maraɗi

Salamu alaikum mutumina,

Ina fatan kana lahiya, ya aiki, ya sanyin Agadas? 'Yan fada duk suna gaishe ka, tsohuwa ma lahiyarta lau.

Daren Asabar mun je gidan matasa kallon wasan ban dariya, wasu yara ne 'yan unguwannin Zariya da Bagalam suka haɗa kai suka shirya shi, dala ɗari kuɗin shiga, kuma duk wasan a kan zance da aure ne. Wani siririn yaro ya fito a ɗan kabu-kabu ya je zance, bai ko gama sallama ba ƙannen budurwa sun kewaye shi kowa na jiran nashi, ita kuma ta fito da waya a hannu tana amsa saƙon wani Alhaji a WhatsApp tana ce mishi "ina jin ka, ci gaba". Can sai ga gwaggo da lissafin balizi, atamfa, shadda, leshi, takalma, har da sabuwar waya, shi ko yana ta juya jikka biyun da ke aljihunshi. Wallahi har hawaye na yi don dariya.

Amma inda abin ya taɓa ni, lokacin da yarinyar ta juyo ta fuskanci 'yan kallo ne. Ta ce ku maza kullum kukan balizi kuke, wa ya taɓa tambayar uwata inda ta ranto kuɗin gado da kujeru da kwanuka, sannan ko shekara ba a yi ba a miƙo min takarda in komo gida da ciki? Mata suka ɗauki guɗa, mu ko kowa ya sunkuyar da kai, har dattawan da ke layin gaba.

Wasu a unguwa na cewa wai shashanci ne. Ni ban yarda ba. Tun zamanin ƙungiyar matasa ta Samariya lokacin shugaba Kunce da wasa ake faɗa ma mutane gaskiya, ka tuna yadda iyayenmu ke ba da labarin ɗan wasan kwaikwayo Yazi Dogo da mutanenshi na Damagaram, ga tashen gwauro da muka yi muna yara cikin azumi. Maganar da ba ka iya yi gaban suruki, yaran nan sun yi ta gaban surukai da yawa, kuma an saurara.

Sun ce za su sake yi bayan Salla, in Allah ya kawo ka sai mu tahi tare. Ka turo min sabuwar lambarka in aiko maka ɗan bidiyon da na ɗauka, sannan ka faɗa min inda maganarka da mutuniyar Tibiri ta kwana.

Naka har kullum.