Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Ministan Ilimi kan binciken kimiyyar nano

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin fiziks ne a sakandare, a Samaru nake zaune, kuma maganar ɗakunan gwaji na jami'o'inmu ce ta kawo ni.

Ba mu manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. A tsakar gida ake daka dutsen zinari, yara na wasa cikin ƙurar, ba wanda ya san ajali ne a ciki sai da gawa ta yi yawa. Abin takaici, akwai ilimin da zai iya tona irin wannan guba tun da wuri. Idan aka mayar da zinari ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, masu faɗin nanomita kamar 20, ruwan da suke ciki ja yake zama. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. A lulluɓe ƙwayoyin da sinadarin da ke kama dalma, to da zarar sun haɗu da ita sai su dunƙule, jan ya koma shuɗi-shuɗi. Ma'aikaciyar lafiya a ƙauye ma za ta gane da idonta. Da irin wannan dabara ake yin 'yar takardar gwajin gubar funfuna a gyaɗa da masara, wadda ke sa Turawa su maido mana da kaya.

Ƙanena ya yi digiri na biyu kan wannan fanni a wata jami'a. Ya haɗa ƙwayoyinsa, na gan su cikin kwalba jajir kamar zoɓo. Auna girmansu ne ya gagara. Na'urar da ke ganin su tana nan, an lulluɓe ta da leda, wai wani ƙaramin sashe ya ƙone, ba kuɗin gyara. Sai da ya tura samfurin ƙasar waje da kuɗin aljihunsa, ya yi wata biyar yana jira. Yau kundin nasa na shan ƙura a kanta, shi kuma yana sayar da waya.

Kada a ce ba za mu iya ba. A nan Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana sarrafa tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, a 2018 ma aka sauya mata makamashi lami lafiya. A 2004 ɗin ne wasu masana biyu a Mancesta ta Ingila suka ɓare girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, daga irin baƙin da ke bakin fensir, da salatif kawai, suka ci kyautar Nobel a 2010. Sai dai su, da suka ɓare, na'urar aunawa na kusa, wuta kuma ba ta ɗaukewa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ya shafi TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da ke ƙarƙashinka. Sayen na'ura da yanke ƙyalle ba wuya. A riƙa haɗa kowace na'ura da kuɗin gyaranta na shekaru, da horar da ma'aikacin da zai riƙe ta, da wutar sola. Sannan a kafa ɗakin aunawa guda ɗaya a Zariya, wanda ɗalibin Kano ko Sakkwato ko Katsina zai kawo samfurinsa, ya biya kuɗi daidai ƙarfinsa, ya karɓi sakamako cikin mako.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani malamin fiziks,
Samaru, Zariya.